Sunayen da Baba Stefan Ya Bar Mini

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar Baba Stefan, dattijon da na yi haya a gidansa a Catford, zamanin da kuɗin mai ya sa gwamnati ke ta kwaso mu karatu London.

Ɗan Poland ne, amma a Tbilisi aka haife shi, babban birnin Jojiya, inda sarkin Rasha ya kora kakansa. Mutanensu ba su yi zaman baƙunta a can ba. Sun zana gine-gine, sun yi likitanci, sun koyar a makarantu, kuma da Jojiya ta ɗan ɗanɗana 'yanci bayan Yaƙin Duniya na Farko, mahaifinsa ya shiga sojanta. Da Rasha ta dawo, suka gudu.

Duk shekara, ranar tuna 'yancin nan, Baba Stefan yakan shirya walima irin ta Jojiya. A al'adar gidansu, mai gida zai miƙe da ƙaho cike da giya, ya ambaci mamatansa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙa wa wani ya maimaita. Shi kuwa ba ɗa ba jika, abokansa duk ƙasa ta rufe su. Shekarar da na zo, daga shi sai ni.

Ya miƙo mini ƙahon. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni Musulmi ne."

Ya yi tsaye da abu a hannu. Ya ce, "Yaro, ba giyar ce damuwata ba. Sunayen nan in ba mai karɓa, tare za a binne mu."

Ya shanye abarsa, ya wanke ƙahon fes, ya cika shi da shayi. Na yi ta kwaɓa sunayen yana gyara mini, yana tsiyar wai na kashe kakansa karo na biyu.

Bai kai ga ganin Jojiya ta sake tsayawa da ƙafarta ba. Da ya gani, na san halinsa, da sai ya fara mitar an makara kafin ya yi kuka. Ina kewar mitar nan ƙwarai.

Ni ma yanzu girma ya zo, wasu sunayen sun fara suɓuce mini. Bara na tara jikokina a unguwar Abbey Wood, nan London, na jero waɗanda na iya. 'Yar autarsu Hanifa, wadda in ka yi mata Hausa sai ta mayar maka da Turanci, ta maimaita su tsaf, har ta fi ni. Sannan ta ce, "Kaka, danginmu ne?"

Na ce mata ta ƙara Stefan a ƙarshe.