Hoton Baba da Ke Sabo

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga tashar Kontagora, ni da wata maƙwabciyata mai saro manja. Ita kasuwar Shasha ta nufa a Ibadan, ni kuwa unguwar Sabo, gidan ƙanwata Rabi. Masu tambayata abin da ya kai ni Ibadan ba biki ba suna, ga amsarku: hoto na je ɗaukowa.

A Sabo aka haife mu mu biyu. Mahaifinmu falken goro ne. Ina 'yar ƙarama Gwaggo, yayarsa, ta ɗauko ni riƙo zuwa Kontagora, Rabi kuma ta tashi a gabansa. Ya rasu ban gama firamare ba, abin da na riƙe na kamanninsa bai wuce farar hula da doguwar riga ba. Hotonsa ɗaya ne a duniya, shi ma sai bana ya ɓullo, da za a rushe tsohon shagon maigidansa. Aka kai wa Rabi, duk da ni ce babba. Ta ɗauka a waya ta turo min, amma hasken taga ya kwanta a kan gilashin ya rufe rabin fuskar. Ta ce za ta gyara ta sake turowa, shiru. Gwaggo kuma idonta na ja baya. Ta ce da ni, "Ki kawo min ɗan'uwana in gan shi tun ina gani." Sai na ninke tawul babba na sa a jaka. Ban faɗa wa kowa ba, amma niyyata in naɗo hoton da firam ɗinsa gaba ɗaya.

Hanyar Mokwa ba ta canza hali ba. Rami a kan rami, ga tankoki da tirela sun yi jerin gwano, direbanmu yana ratsa su yana salati da ƙarfi, mu ma muna taya shi ba don ya roƙa ba. A Jebba aka tsaya, mata masu busasshen kifi suka yanyame motar. Na taya guda, da na ji kuɗin sai na mayar da shi a hankali kamar jariri. Maƙwabciyata ta saya, ta gutsura min wutsiya. Daga Ilori ƙasa ta fara yin kore shar, iska ta yi nauyi, gumi ya manne mana hijabi. Wajen Ogbomosho ruwa ya tsuge, kafin Oyo ya ɗauke. Da la'asar sakaliya muka hango Ibadan, rufin kwano mai tsatsa iya ganinka, hawa da gangara, kamar an shanya barkono a kan duwatsu.

A unguwar Mokola Rabi ta tare ni. Tun a nan abin ya fara ci na. Mai keke ya faɗi kuɗinsa, ta juya harshe ta zuba masa Yarbanci, ya yi dariya ya rage. Ni da aka binne cibiyata a garin nan ina tsaye kamar kurma. Da muka shiga Sabo kuma, kowane lungu sai an gaishe ta. 'Yan canji a bakin titi, masu tsire suna haɗa wuta, tsofaffi a kan benci kusa da masallaci, kowa "'yar Alhaji, an dawo?" Ni kuma sai a ce, "Sannu baƙuwa, ya Arewa?" Ina amsawa da fara'ar dole.

Sabo gari ne a cikin gari. Za ka ji Hausa ras kamar kana Fagge, ka juya kwana ka ji yaran gida ɗaya suna faɗa da harshe uku. Rabi ta ajiye min amala da miyar ayoyo da jar miya a kai. Na so in kushe, amma sai da na sa aka ƙaro.

Washegari da hantsi ta shigar da ni falo. Ga shi nan a bango, cikin firam na katako da ya ci duniya. Baba a zaune kan kujera, hannu a gwiwa, huhunan goro a bayansa. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Da na ce a cire shi daga gilashin, Rabi ta nuna min gefen da wani ya taɓa gwadawa. Raɓar Ibadan ta manne takardar da gilashi, in ka ja sai fuskar hoton ta ɗaye.

Sai na zaro wayata. Na ɗauka ta gaba, taga ta fito a goshinsa. Na koma gefe, ga labule da ni kaina a kan rigarsa. Muka rufe tagogi, duhu ya yi yawa. Na kunna fitilar waya, wani farin dunƙule ya zauna masa a hanci. Rabi tana zaune tana kallona.

"Yaya, kawo ki gani," ta ce.

Ita turare da mayafai take sayarwa ta waya, kullum tana ɗaukar kayan da ke cikin akwatin gilashi, don haka tana da wata manhajar AI mai goge hasken taga da inuwar mutum daga hoto. Ta ɗauka sau ɗaya, ta shafa yatsa a kan hasken, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa. Kafin in gyara zama taga ta ɓace, labule ya ɓace. Ga fuska fes, goshi, ido biyu, kunci sumul. Hawaye ya zubo min.

"Allahu Akbar. Baba ke nan," na ce.

Rabi ta karɓi wayar ta ƙura ido, ta girgiza kai. "A'a Yaya. Ba shi ba ne. Ya cinye tabon."

"Wane tabo?"

"Na kuncinsa na hagu mana. Shi ya sa ban sake turo miki ba, kullum sai ya goge shi."

Ta miƙe ta nuna min a jikin hoton bango. Wani siririn farin layi ne daga ƙasan ido zuwa kusa da kunne. Na gan shi tun da na shigo, na ɗauka ƙarjewar gilashi ce. Manhajar ma haka ta ɗauka, ta share shi tare da hasken. Wato ni da na'urar da ba ta taɓa ganin ubana ba, saninmu ɗaya. Na yi kuka a kan fuskar da ba tasa ba, kuma da Rabi ba ta yi magana ba da haka zan kai wa Gwaggo.

Ban san lokacin da na ce, "Dole ki sani ai. Ke aka bar wa shi."

Ta ajiye wayar. Ni kuma tunda baki ya buɗe sai na ƙarasa. Na ce ni ce babba, ita ta samu mutumin da ransa, ko ba komai a bar min takardar. Na ma je na ɗauko tawul ɗin.

"Yaya, ki yi haƙuri," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Hanyar Mokwa za ki bi da gilashin nan? In ya fashe mun rasa shi mu duka. Hoton nan ba ya barin Sabo."

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ba ni haushi. Na saka takalmi na bi maƙwabciyata zuwa kasuwar Shasha. Na yini ina zagaya tsibin albasa da kwandunan tumatir da buhunan wake, 'yan dako suna "hanya, hanya," ban sayi ko tsinke ba. Maƙwabciyata ta dube ni ta ce fuskar nan tawa za ta tayar mata da farashin manja.

Da na dawo ba mu tayar da maganar ba. Da safe gari ya yi lumshi, sai ga Rabi ta sauko da firam ɗin da kanta, ta fito da shi zaure ta jingina a bango. Ta ce in ware baƙin hijabina a bayanta in tare haske. Na tsaya hannuwa a sama kamar mai shanya, ita tana durƙushe tana ɗauka. Hasken da ya rage kaɗan ne, a kan hula da kafaɗa. Shi kaɗai ta bar manhajar ta taɓa, ta hana ta zuwa kusa da kunci. Muka haɗa kai a kan wayar muna dubawa. Tabo yana nan.

Muna cikin haka wani tsoho mai sanda ya leƙo zauren, abokin cinikin Baba ne a da. Ya kalli hoton, ya kalle ni, ya sake kallon hoton.

"Wannan ce ta Kontagora? Ikon Allah. Ai ke kika kwashe kamannin. Goshin nan, da yadda kike tsuke baki in ranki ya ɓaci."

Na saci kallon Rabi. Ta ce da tsohon, "Baba, ni fa?" Ya ce ita uwarta ta biyo. Jama'a, ban ɓoye muku ba, daɗin da na ji ya fi na amalar.

Muka wanko hoton babba a wani shago a Mokola. Rabi ta raka ni tasha da ƙullin goro da garin elubo na tuƙa amala, ta rungume ni ta ce in riƙa zuwa ba sai hoto ya kawo ni ba.

Dawowa ta fi tafiya wuya, taya ta fashe mana bayan Jebba, amma mun iso lafiya. Gwaggo ta fito da hoton tsakar gida inda rana take, ta kawo shi dab da idonta. Yatsanta ya tafi kai tsaye kan tabon. Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Ni na yi masa wannan, da sakaina. Babanmu ya tafi da shi kasuwa ya bar ni a gida."

Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, na'ura tana iya share haske, amma ba ta san abin da bai kamata a share ba, sai wanda ya zauna da mutum. Na kuma gane kishin 'yan'uwa a gidanmu gado ne, ba ni na fara ba.

Bayan magariba na kira Rabi na ce mata na iso. Sannan na ce, "Kin san yadda Baba ya samu tabon nan?"

"A'a Yaya, bai taɓa faɗa ba. Yaya aka yi?"

Na gyara zama, na kurɓi shayina. Sai da ta tambaya har sau uku sannan na ba ta labari.