Ranar da Inna Ta Fi Ni Jin Turanci

Muna zaune gindin tsamiya a tsohon ƙauyenmu kusa da Warra, wani jami'i ya zo sanar da mu cewa ruwan dam ɗin Kainji zai tashe mu. Ya sha kwat cikin zafin rana, gumi na bin wuyansa. Ko sallama bai yi ba.

Ni aka sa tafinta. Sabon malamin makaranta ne ni lokacin, ina ji da Turancina kamar a gidanmu aka ƙirƙiro shi.

Ya ɗaga yatsa ya ce, "We are doing this for you, not to you."

Na gyara murya na yi wa jama'a bayani, wai in Bature ya ce "for you", wato "domin ku", alheri ake maka, in ya ce "to you" a kanka abin zai sauka. Har ina jiran tafi.

Sai Inna, mahaifiyata, ta ce, "Kai malam, tambaye shi, gonar wa ruwan za ya ci?"

Ya ce, "Yours," wato "taku".

"Wutar lantarkin fa, ta wa?"

Ya gyara kwat ya ce, "Ours," wato "tamu".

Inna ta kakkaɓe zanenta ta miƙe. "To na biyun nan da ka hwaɗi, shi za a yi muna. Kai da shi duk ku riƙe Turancinku."

Bayan damina biyu, a kwalekwale muka ratsa ta saman gonarmu.

Har yau in mai kwat ya ce "domin ku", sai na tambayi gonar wa. Ku fa, wace kalma aka taɓa lallaɓa ku da ita?