Wuraren da Malam Badamasi Zai Gani a Cork

Duk baƙon da ya sauko Duwala daga arewa karon farko, in dai a unguwar New Bell ya sauka, da wuya ya kwana uku bai faɗa hannun Malam Badamasi ba. Ba wanda ya naɗa shi. Aikinsa na gaskiya cike takardun fiton kaya ne a wani ofis kusa da tashar jiragen ruwa, shekara talatin da ɗaya, da alƙalami uku a aljihun gaba. Amma ran Lahadi sai ya ɗauki lemarsa ya je ya tsaya a kan baƙo, ya ce mutum ba ya zuwa garin ruwa ya koma bai ga komai ba sai rumfar ɗan'uwansa.

Hanyarsa ɗaya ce, ba ta canzawa. Gadar Wouri, sai mutum-mutumin tarkacen ƙarfe na shataletalen Deido, sai tsofaffin gine-ginen Jamusawa a Bonanjo, yana tafe yana zuba bayanin da rabinsa shi kaɗai ya san inda ya samo. Ƙarshen yawo kullum Youpwé, inda masunta ke sauke kifi. Kafin kwanar ƙarshe yakan sa baƙo ya rufe ido, ya kama hannunsa ya ja shi cikin ƙarnin kifi da hayaniyar mata masu ciniki har bakin ruwa, sannan ya ce buɗe. Manyan 'yan kasuwa masu gemu sun bi shi a haka kamar tumaki. Shi kuwa ba ruwan yake kallo ba, fuskar baƙon yake kallo.

Yanzu ya yi ritaya, ga shi kuma shi ne zai zama baƙo. 'Yarsa Zulfa ma'aikaciyar jinya ce a Cork, can ƙasar Ireland, shekara goma ba ta zo gida ba. Tana da 'ya mai shekara takwas wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa, Iyatu. Saboda kunyar sunan ake kiranta Jannat, shi kuma Inna yake ce mata. Bai taɓa ganinta ba sai a waya. A watan Janairu Zulfa ta ce ya shirya zuwa Yuli, in sanyi ya yi sauƙi, ta kuma turo jerin wurare goma da ake kai baƙon fari a garinsu.

Ya sa aka buga masa jerin da manyan baƙaƙe, ya zauna a ƙofar gida yana yi masa gyara irin na gwani. Tsohuwar kasuwa mai rufi ya yarda da ita. Hasumiyar cocin da ake barin baƙo ya kaɗa ƙararrawa, ya ce zai tsaya daga ƙasa ya saurara. Da ya iso kan wani dutse a saman tsohuwar ganuwa wanda ake kwanciya rigingine a sumbata don a sami iya magana, sai ya yi dariya har da tari. Ya ce dutse ɗaya ya sumbata a rayuwarsa, a Makka yake, batun iya magana kuma a tambayi mutanen New Bell ko yana da buƙatar ƙari.

Matarsa Hapsatu ba ta yi dariya ba. Ita ta raka shi asibiti, da kunnenta ta ji likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Na hagu ya riga ya tafi, na dama saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Likitan bai yi alkawarin Yuli ba. Malam ya hana a gaya wa Zulfa. Mutumin da ya ja hannun rabin unguwa, wai shi za a ja? Girman kai ne, ba wani abu ba, sai kuma tsoro. Hapsatu tana ganin yadda yake kai wayar har kan hancinsa in Jannat ta kira, yana juya ta, hoton ya ƙi tsayawa.

Wata safiya ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi ya kifar da shi. Tana goge tabarma ta ce, "Malam, cikin goman nan wanne kake son gani?"

"Ba ya cikin takardar," ya ce.

Ranar ta karya umarninsa ta gaya wa Zulfa, karo na farko a shekara arba'in, ko aƙalla na farkon da ya sani. Ya yi fushi na kwana biyu, yana cin tuwonta yana ƙin yi mata magana. Zulfa ta yi kuka a waya, ta yi masa faɗa da Faransanci don da Hausa bakinta ba zai iya ba. Da aka ba yara hutu a watan Afrilu sai ga Zulfa da Jannat a New Bell.

Da magariba suka iso, ɗakin kuma ba haske sosai. Ya shafa kan yarinyar, ya ji kitsonta, ya ji muryarta, amma fuskar inuwa ce kawai. Washegari ya ɗauki lema ya ce akwai baƙuwa a gari, kuma doka doka ce. Suka shiga tasi su huɗu. Gadar da Bonanjo da ka ya yi bayaninsu duka, yana haɗa Hausa da Turancin kasuwa, Jannat tana ƙyalƙyala dariya tana gyara masa.

Sun kai Youpwé rana tsaka. Ya sa ta rufe ido ya kama hannunta, Hapsatu kuma ta riƙe gefen rigarsa a sace tana karkatar da shi daga kwandunan kifi. A bakin ruwa hasken ya yi yawa, na sama da wanda ruwan ke maidowa. Ya durƙusa a gabanta duk da laka, ya matso har numfashinta na taɓa shi, ya ce buɗe.

Ta buɗe, ta hangi kwale-kwale da faɗin ruwan, ta washe baki. A ɗan abin da ya rage masa na ido ya ga goshi, ya ga ido biyu, ya ga wushirya irin ta tsohuwarsa sak. A hankali ya bi fuskar gefe-gefe, yadda yake bin takarda a ofis don kada ya tsallake layi.

"Kaka, kai ba ka kallon ruwa?" ta tambaya da guntuwar Hausarta.

"Na sha ganinsa, Inna," ya ce. "Tsaya haka dai, kada ki juya tukuna."