Azarar Ɗakin Mai Jego

Shekarun baya, lokacin da aka turo ni koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Madawa, na kama haya a wani gidan ƙasa can bayan kasuwa. Ɗaki ne babba guda da ƙarami manne da shi, sai ƴar rumfa a tsakar gida. Mai gidan wani dattijo ne manomin albasa da gero, mazaunin Sabon Gida, ba ya shigowa gari sai ranar kasuwa. In ya zo ma ba ya wuce bakin ƙofa. Zai yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali, ya ɗaga kai ya dubi indararo, ya kama hanyarsa. Ni kuwa da na sha jin labarin masu gidan haya na manyan birane, sai na ɗauka wannan shirun nasa akwai abin da yake ƙullawa.

A damina ta biyu matata ta haifi ƴa mace. Iyayenta suna nesa, don haka mahaifiyata ce ta taso daga ƙauyenmu na wajen Allakaye ta zo yi mata wankan jego. Ba a daɗe da suna ba, wata rana bayan la'asar hadari ya taso, aka yi ruwa da iska kamar ba za a daina ba. Muna cikin babban ɗaki sai muka ji ƙara a samanmu. Na ɗaga kai, ga babbar azarar da ke ɗauke da rufin ta tsage a tsakiya, ta lanƙwaso, ƙasa tana zubowa daidai kan gidan sauron da jaririyar take kwance. Ban san lokacin da na sure ta ba. Na dai tsinci kaina a tsakar gida cikin ruwa, da ita a ƙirjina, takalmi ƙafa ɗaya.

Da ruwa ya ɗauke na ciro itacen rumfa na ɗora shi kan turmi na tokare azarar, muka koma ƙaramin ɗakin da muke tara kaya. Amma bango ɗaya ne ya raba su. In rufin can ya rufta, sai ya ja wannan. Na ce mu kwashe mu koma gidan wani abokina kafin a ga abin da za a yi.

Mahaifiyata ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Mai jego ba ta ƙetare ƙohwar gida sai ta yi arba'in. Ni ban taɓa gani ba, kuma ba a kanta za a hwara ba."

Na ce, "Inna, ɗakin fa faɗuwa zai yi."

Ta ce, "To a gyara shi. Gidan ba shi da mai shi?"

Duk wanda ya san mahaifiyata ya san an gama magana. Tsoro ya kama ni na gaske, irin wanda ban taɓa ji ba, domin ga jaririya ƙarƙashin rufin da ba shi da tabbas, ga hadari kullum yana haɗuwa a gabas.

Abokin nan nawa yana aiki wajen shari'a. Ya zaunar da ni ya ce doka a fili take: babban gyara irin na rufi da bango a wuyan mai gida yake, ɗan haya nasa ƙananan abubuwa ne, su makulli da abin da ya lalata da hannunsa. Ya ce kada in yi wa tsohon laushi. Na zaga kasuwa in ga ko akwai azara, aka ce ta giginya daga kudu take zuwa, kuma ba a sa ran mota yanzu. Abin da ke ƙasa ɗanyen icce ne da ba zai ɗauki nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Sabon Gida. Tun daga tasha nake bitar jawabina, har da kalmomin Faransanci da na tanada don in nuna masa ba da ƙaramin mutum yake magana ba. Na same shi a gona yana noma. Muka gaisa, na gyara murya, na ce, "Baba, azarar babban ɗaki ta tsage."

Sai ya saki hauya ta faɗi. Ya ce, "Ta taɓa wani? Jinjirar hwa?"

Na ce kowa lafiya. Ya zauna kan kunya ya riƙe kai. Jawabina yana nan a bakina, na rasa ƙofar da zan fito da shi. Can ya kira ni da sunan da ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce, "Mushe, koma gida. Gobe in Allah ya kai mu ina tahe." Na dawo raina a jagule, ina cewa ai na san goben masu gida.

Hantsi bai yi ba muka ji amalanke a ƙofa. Ga tsoho, ga magini, ga maƙwabtansa biyu, ga azara masu kauri a ɗaure. Baƙaƙe ne ƙirin, sun yi santsi. Mahaifiyata ta shafa ɗaya ta ce wannan icce ya sha hayaƙi. Na tambaye shi inda ya samo, ya ce Allah ne ya hore, ya wuce ya hau tsani.

Wuni guda suka yi suna aiki, kowa ido ɗaya a gabas. Suka sauke tsohon rufin, suka jera azara, suka shimfiɗa zana, suka bi da ƙasa. Dattijon nan da ya isa ya haife ni ya naɗe wando yana taka laka da ƙafarsa. Ni ma na ɗauki kwano zan taya miƙa ƙasa, magini ya ga rabinta a kaina take ƙarewa, ya ce Mushe ya je ya dafa musu shayi. Kafin magariba sun gama. Tsohon ya tsaya daga nesa ya yi wa mai jego barka, ya ƙi cin tuwo, ya ce dare zai yi musu. Ruwan da aka yi bayan nan ko ɗigo bai shigo mana ba.

Da aka yi arba'in na sayi goro da sukari na tafi yi masa godiya. Ban taɓa shiga gidansa ba sai ranar. Ina fita daga zaure na ci karo da wani ɗaki ba rufi, sama a buɗe. Ruwa ya cinye kan bangon, gefe guda ya zube, har ciyawa ta tsiro a inda ake shimfiɗa. Na tsaya ina kallo. Matarsa, wata tsohuwa mai fara'a, ta fito ta ga inda idona yake.

Ta ce, "Kai na malamin lakwal? To ga ɗakin da kake kwana ƙarƙashin iccenai. Ranar da ka zo, kahin la'asar ya sa an kware shi. Ɗiyanai sun yi magana har sun gaji. Ubanai ya gina shi, cikinai anka haihe shi."

Na ce, "Inna, to shi ina yake kwana?"

Ta nuna mini bayan gida. Rudu ne, bukkar nan ta kara da ake ajiye albasa a kan gado. Ya ture albasar gefe ya shimfiɗa tabarma. Ta ce ta yi ta fama ya dawo ɗakinta, ya ce jikoki sun cika shi, ba zai tashe su ba.

Da ya shigo daga masallaci na durƙusa, na kasa haɗa gaisuwar. Da ƙyar na ce, "Baba, me ya sa? Da ka ce in nemi wani gida, ai ba wanda zai ga laifinka."

Ya yi dariya, ya ce, "In ce ka tashi, ka kai mai jego ina? Mushe, mu nan haka munka taras. Wanda ka ba ɗaki, ruhin kainai wuyanka shike. Ni in ruwa ya duke ni, ɗakina ya ci amanata. Kai in ya duke ka, ni na ci taka." Sai ya ɓare goron ya miƙo mini rabi, ya shiga tambayata ko jaririyar ta fara gane mutane.

Na roƙe shi ya bari in kawo magini bayan damina, ya ce ɗan haya ba ya gina wa mai gida ɗaki. Bangon bai kai kaka ba, ya ƙarasa zubewa. Daga baya ya yi wani ƙarami a gefe, a cikinsa ya rasu.

Yau ni ma Allah ya ba ni ɗakuna ina bayarwa haya, kuma na san abin da doka ta ɗora mini. Ina ƙoƙari, amma ba zan yi muku ƙarya ba, ban kai ko ƙafar tsohon nan ba. Doka ta ce mai gida ya gyara rufi, ba ta ce ya kware nasa ya koma kwana da albasa ba.

Kwanakin baya nake ba ƴar tawa labarin, ta girma har tana shirin gama makaranta. Ta saurara, sannan ta ce, "Baba, shi wannan tsohon mene ne namu?" Na buɗe baki zan ce mai gidan hayarmu ne, sai na ji kalmar ta yi masa kaɗan. Mahaifiyata tana gefe kan tabarma, tsufa ya kama ta, na ɗauka ma barci take. Ba ta ko buɗe ido ba ta ce, "Kakanki na."