Zaman Bakin Kujera

Matso kusa, mai karatu, ka samu wuri ka zauna, in ba ka labarin wata mata da ake kira Anti Yatsu a wurin aikinta.

Saurin hannu ne ya jawo mata sunan. Aikinta shi ne ta sa abin ji a kunne, ta saurari muryoyin da aka ɗauka a tarurruka, ta buga su a kwamfuta. A ƙarƙashin teburinta akwai feda. In ta taka, murya ta tafi. In ta ɗaga ƙafa, murya ta tsaya. Gajeruwar mace ce mai fara'a, kuma tun zamanin tafireta take wannan sana'a. Maigidanta tsohon direba ne da ciwon ido ya sa ya ajiye tuƙi, 'yan autanta kuma suna makaranta. Aikinta ne ke riƙe da gidan.

Ciwon ya fara ne kamar ɗan tsami a ƙugu idan rana ta take. Daga baya ya riƙa gangarowa cinyar dama, har ya kai in za ta tashi sai ta dafa tebur ta yi kamar tana neman biro. A daidai wannan lokaci aka kawo sabon manaja, matashi mai yawan duba agogo. Ya tara su ya ce sashen buga rubutu ya yi yawa, kafin wata ya ƙare za a rage shi, wasu a mayar da su wani sashe, wasu a sallame su. Bai ambaci shekarun kowa ba. Amma Anti Yatsu ta waiga hagu da dama, ta ga ita kaɗai ce mai furfura a ɗakin. Tun daga ranar ta ƙudura cewa ko bayan nan zai tsage, ba wanda zai ji a bakinta.

Ranar hutu ta tafi shagon da ake sayar da kayan marasa lafiya, ta tsaya a ƙofa tana leƙe kamar mai tsoron haɗuwa da suruki.

"Shigo mana, Mama," in ji mai shagon. "Me ke damun ki?"

"Ba ni ba ce. Wata ƙawata ce bayanta ke ɗan taɓa ta."

"To, ƙawar taki zauna min a nan," ya ce yana jawo mata kujera, fuskarsa ko gezau.

Ya fito mata da kaya kala-kala. Ga ɗamara mai faɗi da ake ɗaurawa a ƙugu. Ga ɗan filo mai igiya da ake rataya wa a bayan kujera. Ga kuma wani ƙaton matashi na zama, bayansa tudu gabansa gangare, an yanke masa rami a inda ƙashin gindi ke sauka. Ya tambaye ta yadda take zama, da irin kujerarta, da ko ta ga likita. Ita kuwa tambaya ɗaya ce a ranta.

"Wanne ne ba a gani?"

"Ba a gani kamar yaya?"

"Wanda mutum zai sa, na kusa da shi bai sani ba."

Ya ce ɗamara ce kawai, amma ba a yi ta don a wuni a zaune da ita ba. Ta ce ya naɗe mata.

Da safe ta ɗaure ta tamau a ƙarƙashin riga, ta ji kamar an dawo mata da ƙuruciya. Kafin rana ta yi tsaka numfashinta ya fara sama-sama. Gefen ɗamarar ya shige mata ƙarƙashin haƙarƙari, gumi ya jiƙe ta, ga ƙaiƙayi. Sai ta tashi ta shiga banɗaki ta sassauta, ta dawo, ciwo ya motsa, ta koma ta ƙara ɗaurewa. Abin manne ɗamarar kuma in an ɓalle shi ƙara yake kamar ana yaga zane, don haka sai ta buɗe famfo tukuna. Duk wannan kai da kawo ta gaban ofishin manaja take yi, ofishin kuwa bangonsa na gilashi ne.

Dogo, wanda teburinsa ke manne da nata, ya leƙo ta saman kwamfuta. "Anti, ko haya kika kama a banɗakin nan ne? A ba mu adireshi mu zo gaisuwa."

"Ka ji da aikinka, ɗan nema. Wanda ka buga jiya rabinsa tari ne da gyaran murya."

Ta yi dariya tare da shi, amma idonta na kan gilashin.

Da ɗamara ta gagara, ta koma ta sayo ɗan filon. Ta shigo da shi cikin jaka kafin kowa ya zo, ta ɗaura a bayan kujera, ta lulluɓe da mayafi. Dogo na zuwa ya tsaya yana kallo. "Ikon Allah. Anti, goyo kika yi wa kujerar?" Ta ce mayafinta ne ya jiƙe take shanyawa. Haka filon ya yi kwanaki a wurin, ciwo kuwa ko alamar sauƙi. Ta fara tunanin ko abin ya wuce filo, ko irin wanda ake yi wa aiki ne, ko irin wanda ke zaunar da mutum. Tana bugawa tana wannan tunani, har ta fara tsallake layi, abin da ba ta taɓa yi ba.

Wata yamma suna zaune a falo ana kallon labarai, maigidan ya daɗe yana dubanta da idon nan nasa mai hazo.

"Maman yara, wai wa kike shirin bi da gudu?"

"Kamar yaya?"

"Dubi zamanki. Kujera guda, kin ɗosana a bakinta, kin miƙe ƙafar dama kamar mai neman birki."

Ta duba. Haka ne kuwa. Ta ce ai sabo ne, haka take zama a wurin aiki don ƙafarta ta kai feda.

"To filon da kika ce kin saya, yana ina?"

"A bayan kujera mana."

"Bayan naki kuma yana ina?"

Ta tuna zamanta a ofis. Tsakanin bayanta da filon nan, kyanwa za ta iya kwanciya ta yi barci.

"Mu a mota in feda ta yi nisa kujera ake jawowa," ya ce. "Ke ki jawo fedar."

Ta gaya masa fedar ba ta jawuwa. Wanda ya riga ta zama a teburin wani zanƙalelen mutum ne, shi ya sa aka ɗaure ta da kusoshi a ƙasa daidai tsawon ƙafarsa. Kujerar kuma hannayenta na dukan tebur, ba ta shiga ciki. Ita da ta zo sabuwa ce, ta ji kunyar yin ƙorafi, sai ta matso baki ta miƙa ƙafa. Shekaru ke nan tana zaune a karkace.

"To ki ce a kwance ta."

"Sai manaja ya sa hannu a kira mai gyara. Zai tambayi dalili."

"Sai ki faɗa masa."

"A wannan watan?" ta ce.

Ta koma shagon a karo na uku. Wannan karon ba ta ambaci ƙawa ba. Ta zauna a bakin kujera, ta miƙe ƙafa, ta ce ga yadda take wuni. Mai shagon ya ɗauko ƙaton matashin nan ya sa mata. Ta ji ƙugunta ya ɗan tuntsuro gaba, bayanta ya miƙe da kansa ba tare da ta yi ƙoƙari ba. Ya ce matashin zai rage mata ciwon, amma muddin ƙafa ɗaya na miƙe ba zai warkar ba, kuma wannan saukar ciwo zuwa cinya likita ya kamata ya duba. Ta gwada cusa matashin a jakarta. Ko rabinsa bai shiga ba.

Da safe ta rungumo shi a cikin leda, a mota ta ɗora shi a cinya tana jin kamar kowa ita yake kallo. Ta yi niyyar riga kowa zuwa, cunkoso ya hana. Tana shiga ta tarar da manaja tsaye a bakin ofishinsa da kofin shayi. Ya dubi ledar, ya dube ta, ya amsa gaisuwarta. Dogo ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskarta, ya mayar ya rufe.

Ranar ta yi aiki har azahar ba ta tashi ba. Ciwon yana nan, amma ya koma can nesa. Tana cire abin ji aka ce manaja na kira.

"Zauna, Anti," ya ce. "Ba na son ki ji a bakin wani. Na lura kwanan nan zama ya fara gundurar ki. Ba ki daɗewa a tebur, kuma an samu tsallake a aikinki. Ban ga laifinki ba, kin daɗe kina yi. Ba zan sallame ki ba. Na yi tunanin in mayar da ke ɗakin ajiyar takardu, can akwai motsi, a sauke kwali, a ɗora kwali. Za ki fi sakewa."

Ta san ɗakin. Kantocinsa sun kai rufi, kwalayensa maza biyu ke kamawa. Bayanta ba zai yi sati a can ba.

"Yallaɓai," ta ce, "ba gundura ba ce. Bayana ne ke ciwo. Na ɓoye ne don kada a ce na tsufa."

Ta gaya masa komai, da ɗamara, da filo, da fedar da aka kafe wa dogon mutum. Ya saurara yana juya biro a hannu. Ya taso ya zo har teburinta, ya durƙusa ya leƙa, ya taɓa kusoshin. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Za a kwance ta gobe," ya ce. "Ki je asibiti ki kawo min abin da likita ya ce. Maganar wanda zai zauna a sashen kuwa, ban yanke ba tukuna. Sai ƙarshen wata."

Ya koma bayan gilashinsa. Ita kuma ta zauna a kan matashinta, ta mayar da abin ji kunne, ta taka feda. Ta tsira daga kwalaye, amma yanzu mutumin da zai zaɓi wanda za a sallama ya san ita ce mai ciwon baya, kuma zai gani a rubuce da hannun likita. Wata bai ƙare ba tukuna. Kai da ka ji labarin, da kai ne a wannan ofishi, za ka faɗa masa, ko za ka yi shiru ka tafi ɗaukar kwali?