Kujerar Bayan Babur ɗin Injiniya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina, Injiniya Nura, amma in na rufe ido harabar wani gida a garin Clinton na Amurka nake gani, ranar sunan 'yar ƙawata. Ina tsaye da tiren zoɓo sai na ji ƙasa tana rawa. Wani baƙin babur ne ya shigo, dogo, yana ƙyalli kamar madubi. Mai shi ya kashe, ya cire hular kwano, ya zaro zanna bukar daga jakar gefe ya kafa, sannan ya yi sallama. A littattafan soyayyar da na karanta a Kano, a mota jarumi yake zuwa. Nawa a babur ya zo, kuma kafin zoɓon ya ƙare zuciyata ta bi shi.

Da muka yi aure muka zauna a Fort Washington, babban burina in gan ni a bayansa iska tana kaɗa mayafina. Ranar farko, a gaban abokansa na hawan babur, na hau yadda matan gidanmu suke hawa bayan mazajensu: a kaikaice, ƙafafu biyu a gefe guda.

"Sauka, amarya," in ji shi, yana dariya. "Nan ba lungun Yakasai ba ne. Kwanar farko za ki zame."

Na ce ba zan ware ƙafa a gaban maza ba. Ya ce ba zai ɗauke ni a kaikaice ba. Kowa ya kafe, har shekara goma sha ɗaya ta wuce ba kowa a kujerar bayan nan.

Amininsa Bulus, ma'aikacin jinya ɗan Filato da ke Annandale, ya taɓa ba shi shawara. "Sayi babur mai ƙafa uku mana. Ba ya kwanciya a kwana, kujerarsa kamar ta falo. Ka ɗauki matarmu ta sha iska."

"In baro Kano in zo Amurka in ja a daidaita sahu?" in ji Injiniya. "To ka tsaya a bakin titi kana kira mini fasinjan Sabon Gari."

Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma maganar ta tsaya mini. Da ciwon zuciya ya ɗauke shi, Allah ya jiƙansa, tambaya ɗaya ya bar ni da ita: ashe tsoron tsokanar abokai ya fi masa burina?

Shekara biyu da suka wuce, wani shagon babura ya ware ranar gwada sababbi. Rifkatu, matar Bulus, wadda ke da nata mai ƙafa ukun, ta ja ni dole. Abin da na gani ya tafi da ni. Babura jere, ja da shuɗi da ruwan zuma, ga allo a gaba mai nuna hanya, ga kujera mai ɗumama mutum a lokacin sanyi. Tsofaffin abokan Injiniya suna zagayawa, kowa da ra'ayinsa. Alhaji Mamman, dattijonsu ɗan Nijar, ya ƙwanƙwasa allon ya ce, "An sa talabijin, saura firji." Wata likita ta ce ita dai ta gode, karon farko ke nan da ƙafarta ta taka ƙasa sosai a kan babban babur. Bulus kuwa ribas ɗin masu ƙafa uku ya yi ta yabo, wai gwiwarsa ta gaji da turi.

Na san abin da Injiniya zai yi da yana nan. Zai tsuguna a gefen inji ya kasa kunne, ya ce sun toshe wa salansa baki, babur ya koma keken ɗinki. Ya gama kushewa tsaf, sannan ya miƙa hannu a ba shi makulli.

Na faɗa wa Bulus haka. Ya yi dariya, sannan ya ce:

"Matarmu, ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa mutanen nan ba, amma bai ce ke ba. Saura mako biyu ya rasu, mun zo shagon nan mu biyu. Mai ƙafa uku ya hau, sau uku yana zagayawa. Ni ya ɗora a baya, yana ta tambaya ko kujerar za ta yi miki."

Na juya baya na share ido. Rifkatu ta miƙo mini hular kwano. Na tattare abaya a kan wandona na hau bayanta sosai, kamar kowa, kuma ba wanda ya ko kalle ni. Da ta murɗa totur muka ɗauki hanya, bishiyoyi suka riƙa gudu baya, iska ta cika mini ƙirji. Na yi kuka, na yi dariya, na ce ta ƙara wuta.

Babur ɗin mijina yana wurin ƙaninsa yanzu. Abin da ya rage mini na Injiniya shi ne sanin cewa mutumin nan mai taurin kai ya sauko domina, lokaci ne kawai bai ishe shi ba. Yau ina da shekara arba'in da takwas, ina da lasisi, ina da ja mai ƙafa uku nawa na kaina. Duk Asabar da safe nake bin gefen kogin Potomac, kuma matan unguwa layi suke yi in ɗauke su. Makon jiya matar Alhaji Mamman na ɗauka. Da muka dawo ƙofar gidansu ta ƙi sauka, ta ce a gaya wa Alhaji ya ɗumama abincinsa da kansa.