Ƙwan Ɗakin Injiniya

Injiniya bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan ranar da ya sayi tasta ta gwada wutar lantarki da filaya, unguwa kuma ta bar masa abinsa don babu mai lokacin musu da shi. Amma a faɗi gaskiya, ya iya aikin waya. Shekara talatin yana hawa tsani a gidajen mutane, ba a taɓa nuna gidan da ya kama da wuta ta dalilinsa ba. In ya yi maka aiki, kowane ɗaki sai ya ja masa reshensa daga babbar waya, da makunninsa. Ƙwan kicin ya mutu, na falo ko a jikinsa. Haɗin reshe yake kiran wannan, kuma sai ya tsare mai gida da bayaninsa har shayi ya huce.

A gidansa ne kawai ilimin ya ƙi shiga. Ƙwai biyar ne a gidan, ya jera su duka a kan waya ɗaya, abin da shi da kansa yake kira haɗin sarƙa. Wuta ta fito daga mita ta shiga ƙwan ɗakinsa, daga nan ta wuce ɗakin matarsa, sai falo, sai kicin, ta ƙare a banɗaki. Da yake ƙwai biyar ke rabon ƙarfin da ya kamaci guda, kowanne ja yake yi kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Da wannan hasken matarsa ta tsinci tsakuwa a shinkafa har idonta ya raunana, 'ya'yansa huɗu kuma suka yi karatu da hanci a kan littafi.

In an yi ƙorafi sai ya ce, "Tattali ne. Ƙwan nan shekararsa bakwai, wa kuka ga nasa ya kai haka?"

Ina tattali a nan! Sirrin haɗin sarƙa shi ne, in ƙwai ɗaya ya saki, duk sauran sun mutu. Nasa kuwa ya rataye shi dab da kan kujerarsa. In yana son ruwa, ko ya ji ana dariya a falo ba da shi ba, sai ya miƙa hannu ya ɗan murɗa ƙwan, wanda ko ɗumin kirki ba ya yi. Gida ya yi ɗif. Kafin ka ƙifta ido sai ga takun ƙafafu a ƙofarsa.

"Baba, wuta ta ɗauke."

"To, a kawo min ruwa tukuna, in duba."

Sai ya sha ruwa, ya ƙwanƙwasa bango da tasta, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya murɗa ƙwan ya koma. "Da ba na gidan nan," in ji shi, "ban san yadda za ku yi ba." Kowa ya san wasan, har kyanwar gidan. Amma haka aka yi ta zuwa, shi kuwa babu abin da ke masa daɗi a duniya kamar jin takun nan.

Manyan 'ya'yan suka yi aure suka watse, kowannensu ya kira wani daban ya yi masa waya. Saura Auta, wadda ta karanta lantarki a makarantar koyon sana'a, uban yana yi mata dariya wai aikin maza ne.

Ana nan wata rana tsani ya zame da shi a wurin aiki, ƙafa ta karye, aka kwantar da shi asibiti. Kwana biyu da kwanciyarsa, ƙwan nan mai shekara bakwai ya mutu da gaske. Ɗakin a kulle, makulli a aljihunsa. Matarsa ta je asibiti ta roƙe shi.

"Malam, ka ba ni makullin a canja ƙwai. Da lalube muke girki."

"Ba mai taɓa min waya. Ku jira in dawo."

Ya faɗi haka yana murmushi, ita kuwa ta ga murmushin. Ta dawo gida, ta ɗauko jakar kayan aikinsa daga bayan ƙofar falo ta ajiye a gaban Auta. Yini ɗaya Auta ta gama. Kowane ɗaki ta ja masa reshe da makunni, har ɗakin uban, ta wayoyin da suka fito ta saman ƙofarsa.

Bayan mako uku aka sallamo shi da rana tsaka, yana dogara sanda, sabon ƙwai a aljihunsa kamar mai kawo tsaraba. Ya ƙi sa shi sai da rana ta faɗi, don a ɗan ƙara jin jiki. Da ya murɗa shi, haske ya dalle masa ido har ya ja da baya. Ya ga ƙura a kan kabad da yanar gizo a kusurwa, abubuwan da bai san yana kwana da su ba. Ya ɗingiso waje, sai ya tarar da haske fes a gidan, ashe tun kafin ya sa ƙwansa haka yake, matarsa tana zura zare a allura ba tare da neman taimakon kowa ba.

"Wa ya taɓa min waya?"

"Ni ce, Baba," in ji Auta. "Haɗin reshe ne, irin wanda kake yi wa mutane. Ka duba ko na yi kuskure."

Ya duba kuwa. Ya bi kowane ƙulli da tasta yana neman abin faɗa, bai samu ba. Ko naɗin salatif ɗin irin nasa ne. Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Ya koma ɗaki ya rufo ƙofa.

Can ya ji dariya a falo, uwa da 'ya. Hannunsa ya miƙe da kansa, kamar yadda ya saba. Ƙwan da ke shan cikakken ƙarfi ba irin na da ba ne, ya ƙona masa yatsu har ya yi ƙara. Duk da haka ya naɗe hannu da gefen riga ya murɗa. Ɗakinsa ya yi duhu. Ya gyara zama yana hura yatsu, ya kasa kunne.

Babu taku. Haske na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, dariya na ci gaba. Ya yi gyaran murya, ya sake yi da ƙarfi, shiru. Ƙishirwa ta dame shi. Ya buɗe baki zai kira matarsa, sai ya ga bai san ta ina zai fara ba, don shekara talatin duhu ke kira masa mutane. Tsoro ya kama shi, ba na duhun ba, tsoron a kwana a tashi ba a tuna yana ciki ba.

Ya daɗe a zaune. Daga baya ya laluba sandarsa, ya ɗingisa har ƙofar falon gidan da ya gina da hannunsa, ya tsaya daga waje ya yi sallama.